Mabuɗin Tafki

Ƙarfe shida nake buɗe ƙofar madatsa.
Kwaɗon ya san hannuna, sarƙar ta san tarina.
Sunana Ermelinda. Gwamnati ta ba ni hula,
da usur, da littafin tara, da babur mai tsufa,
ta ce: ga ruwa nan, ki raba.

To, da wane mudu ake raba ruwa?
Injiniya na so ya gangara cikin inji ya zama lantarki a Lisbon.
Mai gonar zaitun a gangare yana ƙirga shi kwana-kwana.
Yara so suke su faɗa ciki da ihu.
Shamuwa ba ta rubuto takardar koke ba,
ta dai kafa sheƙa bisa tsohon turken waya
ta zuba mini ido.

Ran Lahadi motoci na isowa tun rana ba ta yi baki ba,
da lema, da kankana, da kaka a kujerar baya.
Nakan nuna: nan wurin wanka, iyakarsa jar igiya.
Can kwale-kwale, amma ban da inji.
Wuta kuwa, a watan Agusta, ko ta sigari ce, a'a.
Wani ya ce, "Da harajina aka gina wannan bango."
Na ce, "Gaskiyarka, yallaɓai,
da shi kuma aka sayi wancan kwandon shara."

Da yamma nakan tsince abin da murna ta bari:
takalmin yaro wari guda,
zaren fatsa da ya sarƙe ƙafar agwagwa,
gwangwani goma sha bakwai
a gindin allon da ya hana zubar da gwangwani.

Gaɓar arewa rufe take daga Maris zuwa Yuli,
tsuntsaye na kwanci, kifi na zuba ƙwai.
Can na tarar da Anacleto Bexiga, mai shekara tamanin da ɗaya,
ya tsallake shinge, ya zauna kan dutse, zare cikin ruwa.
Na zaro littafi, na zaro biro.
Ya jawo zaren ya nuna mini: ba ƙugiya, dalma ce kawai.
Ya ce, "Ba kifi nake nema ba, 'yata.
Nan daidai, gaba goma sha biyu ƙasa,
tandar burodin uwata take.
Ina taɓa rufin ne in ji ko yana nan."

Na san labarin. Kafin a haife ni
aka kwashe ƙauyen a manyan motoci,
da awaki, da ƙararrawar coci, har da na kabari.
Rijiya kaɗai aka bari, ta nutse da ruwanta.

Amma doka ba ta san tanda ba,
tsuntsuwar da ya kora ma ba ta sani ba.
Taku uku daga takalminsa, bisa tsakuwa,
ƙwai huɗu masu ɗigo-ɗigo suna hucewa.
Na nuna masa da bakin biro.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Ya naɗe zarensa, ya koma da baya, kamar mai fita daga ɗakin jinya.

Ban rubuta tara ba. Ofis na rubuta wa.
Wata biyu, hatimi biyar, waya uku ba a ɗauka ba,
sannan izini ya zo, rabin shafi.

Yanzu duk Laraba, idan na fita sintiri,
yana zaune a goshin jirgi da hularsa a cinya.
Nesa da gaɓa nake kashe inji, mu ƙarasa da filafili.
Ya saki dalma, zare na gudu tsakanin yatsunsa,
ya tsaya.
"Yana nan?"
"Yana nan."

Da magariba na duba sandar awo:
ruwa ya ja da baya yatsa huɗu.
Na rubuta, na kori masoya biyu da ba su ga rana ta faɗi ba,
na ja sarƙa.